Plumptre, Ayinde da tarihin garin jirgin ƙasa

Duk wanda ya san yadda Kafanchan ta kafu bai kamata ya tsaya gardamar ko 'yar ƙwallon ƙafa Ashleigh Plumptre 'yar Najeriya ce ba. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos a nan, wajajen 1927, garin ya cika da ma'aikatan reluwe Ibo da Yarbawa da fatake Hausawa, suka zauna cikin Fantswam da maƙwabtansu Bajju. Jikokinsu suna da gida biyu, babu kuma wanda ya ce su zaɓi ɗaya.

Plumptre ma gida biyu gare ta. An haife ta a Leicester ta Ingila a 1998, ta buga wa ƙungiyoyin matasan Ingila, amma kakanta na wajen uba mutumin Legas ne. Da can hanyar sauya ƙasa a toshe take: wanda ya buga wa wata ƙasa wasan gasa, ko da yana yaro, ya ɗaure kansa. Sai a 2004 FIFA ta yarda a sauya ƙasa kafin shekara 21, a 2009 ta cire iyakar shekarun. Ta wannan ƙofa ta shigo Super Falcons, ƙungiyar mata ta Najeriya, a 2022. A gasar cin kofin duniya ta 2023 ta tsare baya a karawa da ƙasar haihuwarta a Brisbane, har ta ɗirka ƙwallon da ta daki ƙarfen raga, aka tashi babu ci, Ingila ta wuce da bugun fenariti.

Masu suka suna cewa irinta suna tare wa 'yan gida gurbi, kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta fi son ɗauko wadda wasu suka horar a kan ta gina fili. Rabin maganar nan gaskiya ne, amma laifin ba na 'yar wasan ba ne. Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, ta riƙe tsakiyar fili a wancan wasa na Brisbane, kuma tare suka ɗaga kofin Afirka na goma da Najeriya ta ci a Rabat a Yulin 2025, bayan doke Maroko 3 da 2. Babu wadda ta ture wata. Abin da ke tare yarinyar Kagoro ko Zonkwa a kudancin Kaduna shi ne rashin kulob na kusa da koci da gasar makarantu, da iyayen da har yanzu suke ganin tamaula ta maza ce. Gwamnatin Kaduna da ƙananan hukumomin kudanci su buɗe wa 'yan mata filin wasa na Kafanchan, su dawo da gasar sakandare.