Zangon Kete-Karaci da Ruwan da Ya Ci Shi

Masu lura da al'amuran tsuntsaye sun tabbatar cewa shaho ba ya gina sheƙa da kansa, sai dai ya nemi tsagin dutse mai tsawo wanda ke kallon ruwa, ko tsohuwar sheƙar hankaka, ko kan giginya, ya yi ƙwai a nan, kuma muddin akwai abin farauta a kewayen, zuriyarsa kan yi ta komawa wurin shekara da shekaru. Haka zaman zango yake a ƙasar Gwanja da maƙwabtanta, domin fatake ba su mallaki ƙasar da suka sauka a kanta ba, da izinin masu ita suka kafa bukka, abin da ya riƙe su kuwa shi ne hanya da kasuwa.

A da, Kete unguwar baƙi Musulmi ce a gefen garin Karaci, a bakin kogin Bolta, inda jiragen ruwa ke hawowa da gishirin Ada daga bakin teku, ayari kuma ya sauko daga arewa da kanwa da tufafin Kano domin neman goro. Mutanen Karaci masu bautar Dente ne, tsafin da ake jin tsoronsa har nesa, kuma fatake sun zauna ƙarƙashin ikon bokansa, suna biyan abin da aka aza musu, har zuwa 1894 da Jamusawa suka kashe bokan suka kafa bariki a wurin. Kafin wannan da shekara biyu, wato a 1892, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, wadda ita ce uwar kasuwar goro, sai attajirai da malamai suka watsu, waɗansu Yeji, waɗansu Kintamfo, da yawa kuma suka gangaro Kete, har ƙaramin zango ya zama gari.

A cikin waɗanda ƙaddara ta koro akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano, wanda ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Kabi, ya zama limamin Kete, ya zauna yana karantarwa har wafatinsa a 1934, Allah ya jiƙansa. Malami ne wanda alƙalaminsa bai huta ba: ya wallafa littafi a kan ilmin rubuta wasiƙa tun yana saurayi, ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, da wata a kan talauci da wadata, sa'an nan ya rubuta wa Bajamushen nan Mischlich, wanda ya riƙe barikin Karaci, labaran ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami. A ganina, ko da Kete ba ta fitar da kome ba sai wannan bawan Allah, ta cancanci a ambace ta tare da manyan garuruwan ilmi, alhali kuwa ɗalibai da yawa a Kano ba su taɓa jin sunansa ba.

Ana yawan cewa ruwa ne ya kashe tsohon zangon, amma haƙiƙa ya tarar da shi ya riga ya raunana, tun da iyakokin Turawa suka yanke hanyar ayari, mota da jirgin ƙasa da na teku kuma suka ɗauke goro ta wata hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Farko garin ya koma hannun Ingila, a 1957 ya shiga Ghana. Da aka gina madatsar Akosombo aka gama a 1965, tafkin Bolta ya taso a hankali ya haɗiye gonaki da itatuwa da masallatai da gidaje, aka tayar da mutane wajen 80,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52, ɗaya daga cikinsu sabuwar Kete-Karaci da aka gina a kan tudu.

Rubuce-rubucen Alhaji Umaru dai ruwa bai same su ba, gama almajiransa sun kwafe su sun yaɗa cikin zangunan Ghana, an kuma tattara da dama a Jami'ar Legon kusa da Ankara, babban birnin Ghana. Ya kamata malaman Hausa na jami'o'inmu su nemo su, su juya na ajami zuwa boko, su sa a hannun ɗalibai.