Kakaki da Algaita a Fadar Kabi: Yadda Masu Busa Ke Haɗa Baki

Kakaki ba shi da ramin yatsa ko ɗaya. Bututun ƙarfe ne zalla, gaɓa biyu da ake sarƙawa, tsawonsa kan kai mita biyu zuwa uku, wani ma ya zarce. Yawancin masu busa muryoyi biyu suke samu a cikinsa, ta ƙasa da ta sama, sai gwani ne kan ƙwaƙulo ta uku. Amma da muryoyin nan biyu ake sanar da gari cewa Sarkin Kabi ya fito. Mutumin Gulma da ya je Argungu ranar hawan Sallah, ya ji kakaki da algaita da ganguna sun tashi gaba ɗaya, kowanne da irin amonsa, ba zai ce hayaniya ba ce, domin ya san abin da suke faɗa.

Kakaki ya daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa shi cikin sababbin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. A yamma kuma, Tarikh al-Fattash na malaman Timbuktu ya ambace shi cikin kayan busan fadar Askiya ta Songhai. Wannan ya shafi Kabi kai tsaye, don Muhammadu Kanta ya yi yaƙin Agadas tare da rundunar Askiya Muhammadu, kafin rabon ganima ya haɗa su faɗa, ya ɓalle wajen 1516, ya gina Surame. Ke nan daular Kabi ta tashi ne tsakanin fadoji biyu da suka riga suka san kakaki. Dangin kakaki kuwa suna da yawa: nafir da ake busawa da azumi a Maroko, karnai na Uzbekistan, da dogayen ƙahonin itace da Bature Denham ya gani a Barno a 1823. Algaita ma ta arewacin Afirka ta biyo.

Jihadi ya girgiza sana'ar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitab al-Farq, ya sa yawan kaɗe-kaɗen fada cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fice. Sai dai Kabawa ba su miƙa wuya baki ɗaya ba. Sarki Karari ya kafa sansani a Argungu har aka kashe shi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame kuma ya sake ɗaga tuta a 1849. Daga nan garuruwan bakin fadama irin su Augie da Gulma da Sauwa suka zama garkuwar Argungu, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Saboda haka fadar Argungu na cikin ƙalilan, kamar Maraɗi da Tsibiri da Abuja ta da, inda tsohon gidan sarauta ya ci gaba da riƙon kayansa. Su ma sarakunan Fulani ba su jima ba suka dawo da kakaki da tambari ƙofar fada. Mulki bai iya zama shiru ba.

To, ta yaya kayan da ba maƙeri ɗaya ya yi su ba, ba kuma awo ɗaya aka yi musu ba, suke daidaita?

Farkon amsar tana cikin harshen Hausa kansa. Kowace gaɓar kalma tana da karin sauti, na sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, tana kuma da tsawo ko gajarta. Muryoyin kakaki biyu sun isa su kwaikwayi hawa da saukar magana, tsawon numfashi kuma ya ba da tsawon gaɓa. Abin da ake busawa take ne, wato kirarin sarki ko na sarautarsa, wanda jama'a suka riga suka haddace. Idan masu kakaki huɗu suka ɗaga bututu sama, abin da ake nema shi ne su faɗi kalma ɗaya a lokaci ɗaya, su hau tare, su sauka tare, su yanke tare. Wanda ya makara da ƙiftawar ido ya ɓata magana, kuma wannan shi ne laifin da kunnen fada ba ya yafewa.

Ɗan bambancin amo kuwa ba a ɗauke shi aibi ba. Tsawon bututu ne ke yanke kaurin murya, don haka kakaki biyu da suka bambanta da faɗin tafin hannu ba za su taɓa fitar da murya ɗaya tak ba. In an busa su tare sai a ji sautin yana rawa, yana kaɗawa a ƙirji. Wannan rawar ce ke ba busar fada kwarjininta, ita ce kuma ke sa doki ya ɗaga kunne tun daga nesa. Mai busa na iya ɗan matse leɓe ko ya sassauta don ya kusanci ɗan'uwansa, amma iyakar ikonsa ke nan. Sauran aikin na maƙeran farfaru ne, waɗanda a da suke ƙera shi da tagulla, daga baya suka koma yankan gwangwanin kananzir da na fetur, mai sauƙin samu da sauƙin ɗauka, mai kaifin murya.

Algaita ta fi wuyar sha'ani. Jikinta itace ne da aka lulluɓe da fata, da ramukan yatsa huɗu, da siririn bututun ƙarfe a sama, da wani faifai da leɓe ke jingina a kai. A can ƙarshe ake soka ɗan guntun karan ciyawa da aka matse bakinsa, shi ne ke kaɗawa ya ba da sauti. Mai busa yana shigar da karan gaba ɗaya cikin baki, leɓensa ba ya taɓa shi, don haka ba shi da damar lanƙwasa murya da leɓe. Gyaran duk kafin a fara ake yin sa: a zaɓi kara, a datse, a jiƙa shi da yawu, a gwada, in bai yi ba a sake wani. Ranar hunturu karan kan bushe ya ƙi magana, ranar zafi kuma iskar cikin bututu ta ɗumama, murya ta ɗan hau. Sannan ga numfashi. Kumatun mai algaita da ke kumbura kamar ƙwarya rumbun iska ne: yana shaƙa ta hanci yayin da kumatu ke tura wadda aka tara, sautin bai yanke ba ko na daƙiƙa. Wannan zaren da ba ya tsinkewa shi ke cike gurbin da kakaki ke bari in masu shi sun tsaya shan iska.

Farai, ɗan gajeren abin busa na itace, da ƙahon gwanki da ake busawa ta gefe, su ma a waɗannan gurabe suke shiga, suna amsa wa kakaki. Ganga ce ke riƙe da kowa. Ba wanda ke tsayawa gaba yana kaɗa sanda. Sarkin busa ya ɗauko take, na bayansa su bi, kuma tun da sana'ar ta gado ce, yawancinsu tun suna yara suke jin numfashin juna, musamman a busan daren Juma'a a ƙofar fada. Akwai kuma daidaito na matsayi: bisa al'ada kakaki na sarki ne, hakimi kuwa algaita da ganga ake yi masa. Idan hakimai suka taru a Argungu, mai algaitar kowannensu ya san lokacin da zai ɗaga murya da lokacin da zai ja baya.

Wata irin busa ta iso tare da Turawa, waɗanda suka shiga Argungu a 1902 zamanin Sarki Sama'ila. Badujalar soja da ta 'yan sanda tana da nata tsari: kowane ƙaho yana da gaɓar da ake ja ko turawa har muryarsa ta yi daidai da ta saura, rawar sautin nan da fada ke so kuwa ita ce abu na farko da shugaban badujala ke kora. A 1939 wani taro a Landan ya tsayar da murya guda, mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, a matsayin ma'aunin da za a riƙa bi. Shekara biyar kafin nan, a 1934, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba ta kuma haifar da bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda UNESCO ta sa cikin kundin al'adun duniya a 2016. A manyan tarukan jiha yanzu akan ji tsarin biyu a fili ɗaya: badujala ta yi taken ƙasa, ta ajiye ƙahoninta, sannan masu kakaki su sarƙa gaɓoɓinsu su jira sarki ya motsa.