Inabin Koshu: Yadda Japan Ta Gane Darajar Abin da Ke Gonarta

A lardin Yamanashi na ƙasar Japan, arewa da dutsen Fuji, ana noman wani inabi mai kaurin fata, launinsa tsakanin ja-ja da shuni, ana kiransa Koshu. Mutanen garin Katsunuma suna da labari biyu kan asalinsa: wasu na cewa wani malamin addinin Buddha mai suna Gyoki ne ya dasa shi a 718, wasu kuma na cewa wani mutum, Amemiya Kageyu, ya tsince shi a bakin hanya a 1186. Binciken ƙwayoyin halitta da aka bayyana a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na jininsa na inabin Turai da yammacin Asiya ne, saura kuma na wani inabin daji na ƙasar Sin, alamar cewa ta hanyar fataken siliki ya iso. Ɗaruruwan shekaru cinsa ake yi a matsayin kayan marmari, kafin a fara yin giya da shi. Ga Musulmi giya haramun ce, wannan ba abin ja ba ne, amma tarihin inabin nan tarihin noma ne da na ƙasa mai neman tsayawa da ƙafarta.

A 1877, zamanin Sarki Meiji, lokacin da Japan ke ɗokin kamo Turai, aka kafa kamfanin giyar inabi a Katsunuma, aka tura samari biyu, Takano Masanari da Tsuchiya Ryuken, Faransa su koyo sana'ar. Sun dawo a 1879, amma kamfanin bai kai shekara goma ba ya rushe. Jama'a sun fi son giya mai zaƙi irin Akadama, wadda ta shiga kasuwa a 1907. Giyar Koshu kuwa ta zama ta manoma, ana ɗura ta a manyan kwalaben giyar shinkafa (sake) masu cin lita 1.8. A ganina, kuskuren tun farko shi ne auna ta da mudun Faransa.

Masu suka suna cewa farar giyar Koshu salam take, ba nauyi, ba ƙamshin kirki, ba ta kusa da giyar inabin Chardonnay na Faransa. Akwai gaskiya a ciki, domin inabin ba ya tara sukari da yawa. Sai dai ƙasar da yake tsirowa ƙasar ruwan sama ce da damshi, inda inabin Turai mai siririyar fata kan ruɓe tun yana reshe. Shi ya sa manoma ke ɗaga kurangar bisa rumfa don iska ta ratsa, har su sa wa kowane nonon inabi 'yar hular takarda. Kaurin fatar Koshu ne ya raya shi a nan. Rashin nauyin da ake kuka da shi kuma shi ne amfaninsa a kan teburin Japanawa, inda ake cin ɗanyen kifi, sushi, tempura da kayan lambu masu ɗan gishiri, abincin da giya mai ƙarfi ke danne ɗanɗanonsa. A 2009 masu bincike na kamfanin Mercian sun nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giya ne ke tayar da ƙarnin abincin teku a baki, masu yin Koshu kuwa na cewa nata kaɗan ne.

Wani zai ce ai da dabarar Faransa aka gyara giyar Koshu. Haka ne: a 1983 Mercian ta fara barin giyar ta kwanta a kan yis ɗinta na wasu watanni, kamar yadda ake yi wa giyar Muscadet ta Faransa, kuma ta koya wa maƙwabta. Amma aron kayan aiki daban, kwaikwayon ɗanɗano daban. Dabarar ta fito da abin da ke cikin inabin ne, ba ta mayar da shi wani ba. Daga nan hanya ta buɗe. A 2010 Hukumar Inabi da Giya ta Duniya ta yi wa Koshu rajista, a 2014 wata Koshu ta kamfanin Grace ta ci lambar zinariya a gasar Decanter a Landan, tun 2018 kuma doka ta hana kiran kowace giyar inabi "ta Japan" sai da inabin Japan aka yi ta.