MAKARANTA A CIKIN JIRGIN RUWA: DAGA BANGLADESH ZUWA MAKOKO

Jama'a, duk shekarar da ambaliya ta zo sai mu ƙirga gidaje da gonaki, amma ba kasafai muke ƙirga watannin karatun da ruwa ya cinye wa yara ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu ɗan waiwayi tarihin makarantun cikin jirgin ruwa.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1786 ƙungiyar Marine Society ta Ingila ta keɓe jirgi a kogin Thames tana horar da 'ya'yan talakawa. Sai dai manufarta ita ce samar da matuƙa, wato a ɗauke yaro daga gida a mai da shi ma'aikacin teku.

A Bangladesh ne aka juya lissafin. Mohammed Rezwan, mai zanen gine-gine, ya tashi a yankin da ruwan damina ke yanke hanyar makaranta na tsawon watanni. Ya kafa ƙungiyar Shidhulai a 1998, sannan a 2002 ya ƙaddamar da makarantarsa ta farko a cikin jirgi. Tunaninsa mai sauƙi ne: tun da yaro ba zai iya zuwa makaranta ba, to makaranta ta je wurinsa. Jirgin katako ne da masassaƙan yankin ke ƙerawa, da farantan sola a kan rufi. Yakan bi gaɓar ruwa yana ɗaukar yara kimanin 30, ya tsaya a yi darasi, ya mayar da su, sannan ya ɗauko wani rukunin. A 2005 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba ƙungiyar kyautar dala miliyan ɗaya.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne malamin. Duk wanda zai koyar da ƙananan yara a kan ruwa, shirinsa ya wuce allo da alli. Ajin matsattse ne, kayan aiki sai abin da jirgi zai ɗauka, kuma lokacin darasi ƙayyadadde ne saboda wasu yaran na jira a gaba. Uwa kuma ba za ta miƙa ɗan shekara shida ga baƙon da ba ta sani ba ya shige ruwa da shi. Shi ya sa ake ɗaukar malaman daga ƙauyukan, da yawansu mata, a horar da su. Amana ce ke cika ajin kafin komai.

To, mu ma a Najeriya mun taɓa gwadawa. A 2013 aka kammala makarantar kan ruwa ta Makoko a Legas, wadda Kunle Adeyemi ya zana. Gini ne na katako mai hawa uku, a kan duro-duron roba 256. Hotonta ya zagaye duniya, har a 2016 mai zanen ya samu lambar yabo a birnin Venis na Italiya. Kwanaki kaɗan bayan haka, a watan Yunin shekarar, ginin ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah Ya kiyaye babu yara a ciki, domin an riga an kwashe su saboda lalacewar da ya yi.

Mu da ke aikin gwamnati mun san wannan ciwon. Kuɗin gini da na bikin buɗewa ba sa wuyar fita, na gyara da albashin malami su ne ke maƙalewa a fayil. Jirgin Bangladesh idan ya fara yoyo, masassaƙin da ya ƙera shi yana nan kusa.

Kuma fa ba hukuma muka rasa ba. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, daga baya aka ɗora mata nauyin 'ya'yan masunta masu ƙaura. Ga tsibiran Yawuri, ga na tafkin Chadi. A Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, makarantun Maiduguri sun koma sansanin waɗanda ruwa ya kora.

Idan wata jiha za ta ɗauki wannan tsari, shawarata ita ce a fara da tambayoyi biyu kafin a sayi katako: wa zai koyar, kuma wa zai gyara jirgin a shekara ta uku? 'Yan uwa da ke zaune a bakin ruwa, ya kuke yi da karatun yaranku idan damina ta yi nisa?

Allah Ya kare mana yaranmu.