Ƙananan Ɗakunan Sujada Na Lokacin Annoba

'Yan'uwa, a ƙauyukan duwatsun Alps, musamman a kudancin Jamus da Austiriya da arewacin Italiya, akwai ƙananan ɗakunan sujada a bayan gari. An gina da yawa daga cikinsu saboda annoba, sau da yawa kusa da inda aka binne waɗanda ta kashe.

A lokacin Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, sojoji da masu gudun hijira suka yaɗa cutar har kan duwatsu. Mutane ba su san mafarinta ba. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, daga baya kuma aka gane cewa ƙumar ɓera ce take kai ta jikin mutum. Abin da mutanen ƙauye suka iya shi ne tsare hanyoyin shiga gari, da binne matattu nesa da gidaje, da kuma yin wa'adi ga Allah. Da cutar ta wuce, sai waɗanda suka ragu su ɗebo duwatsu su yi gini, yawanci da sunan Sabastiyan ko Rok, tsarkakan da 'yan Katolika suke roƙon addu'arsu a kan annoba.

Mutanen Oberammergau, a Jamus, sun cika nasu wa'adi ta wata hanya. A 1633, bayan mutum fiye da 80 sun mutu, suka yi alkawari za su riƙa nuna wasan shan wahalar Almasihu kowace shekara goma. Suka fara a 1634, a maƙabarta. Zuriyarsu ba su daina ba. Cutar korona ta sa aka ɗage na 2020 zuwa 2022.

Muna iske irin wannan cikin 2 Sama'ila 24. Annoba ta kashe mutum 70,000 a Isra'ila, Dawuda ya sayi masussukar Arauna ya gina bagade, ya kuma ƙi karɓarta kyauta. A wurin ne Sulemanu ya gina Haikali.

Yin wa'adi a kan gadon ciwo ba shi da wuya. Cika shi bayan samun sauƙi ne yake gwada mu. Mu ma mun ga kwalara da sanƙarau, mun yi kuka ga Ubangiji. Bari mu tuna abin da muka alkawarta a waɗannan kwanaki, mu cika shi, mu kuma faɗa wa 'ya'yanmu dalili.