Wa Za Mu Kira Masanin Ɗa'a?

A kwalejojinmu na tauhidi muna kiran mai koyar da sanin nagarta da mugunta "masanin ɗa'a". Sunan sabo ne, an ƙirƙiro shi don fassara kalmar Turawa, wadda tushenta Helenanci ne mai nufin hali ko al'ada. Manzo Bulus ya yi amfani da wannan tushe a 1 Korintiyawa 15:33, inda ya yi gargaɗi kan mugayen abokai.

Kalmomin namu kuwa daga Larabci suka zo. Asalin "ɗa'a" biyayya ne, "ɗabi'a" halittar mutum ce, "ladabi" kuma iya zama da jama'a.

Aikin ya girmi sunan. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta wa sarki nasiha kan wajiban mai mulki. Wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, don shiryar da masu shari'a da mulki. "Malam" ko "Shehu" aka kira su. Sarauta mafi kusa ita ce muhtasibi, mai duba mudu da sikeli a kasuwa.

Me ya sa ba a ware suna ba? Mu dubi unguwar Soron Ɗinki a cikin birnin Kano, wadda ta samo sunanta daga sana'ar ɗinki. Yaro yakan koyi riƙon allura ne a gefen maigidansa. Haka almajiri ke ɗaukar hali a zauren malaminsa, da ido kafin kunne. Bahaushe bai raba sanin kirki da yin kirki ba. Shi ya sa da Kirk-Greene ya yi nazarin wannan fanni a 1974, "mutumin kirki" ya tarar: mai gaskiya, amana, haƙuri, kunya da adalci.

Darasi biyu ke nan gare mu. Na fari, kada "ɗa'a" ta tsaya ga yi wa manya biyayya, domin Magili sarki ya yi wa nasiha, Natan kuma Dawuda ya tsauta wa. Na biyu, ikilisiya za ta duba yadda muke riƙon baiko da iyalinmu kafin ta duba takardar shaidarmu. Hali zanen dutse ne. Yakubu 3:1 ya tuna mana cewa shari'ar masu koyarwa ta fi tsanani.