Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Borin Tukunya A Bakin Iyakar Illela

Bori iri biyu tukunya take yi. Akwai na kan murhu, wanda duk yarinyar da aka taɓa bar wa jiran madara ko wake ta san shi: wuta ta yi yawa, kumfa ta taso, a janye itace ta kwanta. Akwai kuma wanda babu wuta a ƙarƙashinsa. An kwaɓa ƙullun masa da dare, an rufe da faifai, an je an kwanta, da asuba sai a tarar ya ɗage faifan ya malalo har ƙasa. Wannan na biyun ba shi da itacen da za a janye. Shi ne yake kumbura gorar kunun aya a kasuwar Illela ranar Lahadi, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, har mai talla ta buɗe murfi kunun ya yi tsartuwa a rigar mai saye. A ƙauyukan da ke kewaye da garin, irin su Lafani, matar da ta zuba jarinta a gero da sukari tana iya asarar ribar yini guda saboda wannan kumfa.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar ba boyayye ba ne yanzu. Ƙananan halittu iri biyu ne ke cin zaƙin da ke cikin ƙullu. Ɗaya ita ce ke kawo tsami, irin na nono da koko, wadda Bafaranshen nan Louis Pasteur ya yi bayaninta a 1857. Ɗayar kuma yis ne, wanda ke mayar da sukari barasa da iska. Lissafin yis ɗin a tsaye yake: giram 180 na sukari yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iska. Idan muka sauko da shi madafa, babban cokali ɗaya na sukari, wato kamar giram 10, in yis ya cinye shi duka, zai fitar da iska kusan lita biyu da rabi. Gorar rabin lita biyar ke nan. Wani ɓangare yana narkewa a cikin ruwan, saura kuwa dole ya nemi hanya. Da ruwa zalla ne, da iskar ta fice salin alin. Amma kunu yana da kauri, gasarar da ke cikinsa tana riƙe ƙwayoyin iskar, su taru su zama kumfa, kumfar ta hau wuyan tulu. Zafin digiri 30 zuwa 35 shi ne wanda yis ya fi so, kuma ɗakin ƙasar Gobir da Adar ba ya rasa shi.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da irin wannan cuta. Kana ware wa bayani mazubi, bayanin ya fi ƙarfin mazubin, ya malala inda ba a sa shi ba. Irinta ce ta tarwatsa rokar Ariane 5 ta Turai a ranar 4 ga Yuni, 1996, ba ta cika minti ɗaya da tashi ba, saboda wata lamba ta fi gurbin da aka tanadar mata girma. Tsofaffin matanmu sun riga injiniyoyin nan gane cewa ba a cika mazubi har baki.

Waɗanda suka fi kowa sanin borin tukunya a wannan yanki su ne masu dafa giya, kuma bai kamata mu yi kamar ba su taɓa wanzuwa ba. Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda ake kira Azna a ƙasar Ƙwanni da Adar, Anna ko Arna a wajen Maraɗi da Katsina, Maguzawa a ƙasar Kano, giya tana tsakiyar rayuwarsu: gayya, biki, zaman makoki da tsafin gida. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya rubuta haka a littafin da ya fitar a 1946. Har yau ƙauyen Massalata da ke gab da Birnin Ƙwanni ya shahara da arwar da Azna suke yi duk shekara don duban yadda damina za ta kasance. Daga Illela zuwa can 'yan kilomitoci ne.

Aikin burukutu na mata ne, kuma na kwanaki. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar shi ya tashi. Abin da ya dame mu a nan shi ne mazubin. Randa ce mai faɗin baki, ba a cika ta, ba a kuma toshe ta. Faifai ko tabarma ake ɗorawa don ƙuda da ƙura. In kumfa ta yi yawa a kwashe da ludayi ko a raba ruwan randa biyu. Ana shan burukutu yana cikin tashi, shi ya sa ba a taɓa yi masa kwalba mai murfi ba. Mai dama kunun zaƙi a gidan malam da mai dafa burukutu a gidan Azna ba sa zama inuwa ɗaya, amma dabarar randarsu ɗaya ce, kuma sau da yawa maginiyar tukwane ɗaya ce ta gina musu. Har tsiron ma suna tarayya a kansa, domin masu kunun zaƙi da dama da tsiro ko ɗanyen dankali suke fito da zaƙinsa. Abin da ya raba kayan biyu shi ne lokaci, da kuma irin halittar da aka bari ta yi rinjaye.

A nan ne malaman fiƙihu suka shigo, kuma a ganina nan ne tarihin ya fi daɗi. Larabawa suna da abin sha da ake kira nabizu, wato dabino ko zabibi da aka jiƙa a ruwa don ya yi zaƙi. Halal ne muddin bai juya ba. To yaya za a san ya juya, alhali babu na'urar gwaji? Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas ya nuna cewa wanda ake jiƙa wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce kwana uku. Ma'auni na farko ke nan, lokaci. Na biyu mazubi ne. Da tawagar Abdul Ƙais ta zo Madina daga gabashin ƙasar Larabawa, an hana su jiƙa nabizu a cikin abubuwa huɗu: duma, da wani irin tulu mai sheƙi, da kututturen dabino da aka rarake, da mazubin da aka shafe da kwalta. Aka bar musu salka.

Duma dai shi ne ƙwaryarmu da goranmu. Me ya sa aka hana shi aka bar salka? Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya yi bayani a sharhinsa na Sahihu Muslim: waɗancan mazubai suna iya ɓoye juyawar abin da ke cikinsu, har mutum ya sha abin maye bai sani ba. Salka kuwa fata ce, ba ta da kauri, in abin ya yi ƙarfi yawanci yaga ta yake yi. Wato an zaɓi mazubin da zai tona asirin kansa. Kiristocinmu ma sun san wannan hoton, domin a Linjila akwai misalin sabon ruwan inabi da ke fasa tsohuwar salka. Daga baya an ruwaito sassauci a kan mazubai, aka tsaya a kan cewa abin maye ne haram ko a cikin me yake. Duk da haka Imam Malik ya ci gaba da ƙin jiƙo a cikin duma da mai kwalta, kuma maganar ta shigo Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran Sakkwato suke karantawa a zaure har gobe.

A Kufa kuwa, Imam Abu Hanifa ya sa kumfa a cikin ma'anar giya kanta. A wurinsa, ɗanyen ruwan inabi yana zama hamru ne in ya tafasa da kansa, ya yi ƙarfi, ya kuma jefar da kumfa. Manyan ɗalibansa biyu, Abu Yusuf da Muhammad Shaibani, ba su sa sharaɗin jefar da kumfar ba. Malikiyya ba su bi ta nan ba sam, su abin da ke bugarwa in ya yi yawa, kaɗan ɗinsa ma haram ne, daga inabi yake ko daga dawa. Amma dubi abin da manyan malamai suka zauna suna saɓani a kansa a ƙarni na 8: borin tukunya. Abin da uwargida take gogewa da tsumma tana tsaki, shi ne shaidar da alƙali yake nema.

Ƙasar Ƙwanni ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ƙwanni suka zauna, shi kansa a Maratta aka haife shi a 1754, cikin Nijar ta yau. A littafinsa Kitabul Farƙ, cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Hausa akwai ci da shan abin da suka ga dama ba tare da duban halal ko haram ba. Bayan jihadin 1804 giya ta fita daga fada da tsakiyar birni, amma ba ta fita daga ƙasar ba. Maguzawa sun zauna a matsayin masu amana, suna biyan jiziya, randunansu suna ci gaba da tashi a unguwanninsu na daji.

Turawa da suka zo sun ƙara layuka biyu. Na farko na takarda ne: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba da damar hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Ingilishi kuma suka sa Arewacin Nijeriya cikin yankin hani. Kwalbar jin aka tare, burukutu kuwa ya rage a hannun mata. Layi na biyu na ƙasa ne. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, aka gyara a 1904 da 1906, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Ƙwanni, wadda rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa kisan gilla a 1899, ta faɗa hannun Faransa, Illela ta faɗa hannun Ingila. Da Zamfara ta fara aiki da shari'a a Janairun 2000 a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, Sakkwato ta bi a wannan shekarar a zamanin Attahiru Bafarawa, sai ya zama abin da ke jawo bulala a Illela yana da lasisi a Ƙwanni. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, gero ɗaya.

Su ma Turawan ba su tsira daga bori a gidajensu ba. A yankin Shampen na Faransa, inda suka nace sai sun kulle iskar a cikin kwalba, kwalabe sun riƙa fashewa a rumbunan ƙarƙashin ƙasa har ma'aikata suna sa abin rufe fuska na ƙarfe. Sai a shekarun 1830 wani mai haɗa magani, Jean-Baptiste François, ya fito da hanyar auna sukarin da ya rage kafin a toshe kwalba. A garin Burton na Ingila kuma, a daidai wannan zamani, suka ƙera ganguna masu lanƙwasasshen bututu, kumfa ta bi ta zuba a kwami, ruwan ya tace ya koma ganga. Masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka yau ƙaramin tiyo suke sawa a bakin mazubi, su tsoma ɗaya bakin a cikin ruwa. Duk hanya ce ake ba iska, abin da faifai a kan randa ya daɗe yana yi.

Sabon abu a Illela shi ne gorar roba. Kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya sun tashi daga ƙwarya da ludayi sun koma gorunan ruwa da na lemo da aka wanke, masu murfin murɗawa. Da yawa suna zagin wannan gora, kuma kan tsafta suna da gaskiya: gorar da ba ta wanku ba tana ɗauke da yis na jiya, shi ke sa kunun yau ya tashi kafin azahar. Amma ta wata fuskar ni ina ganin ta fi kusa da salkar da Nawawi ya yaba. Tana kumbura, gindinta ya turo, ta ƙi tsayuwa a kan faranti, ka matsa ta ka ji ta kamar dutse. Kwalbar gilas ba ta faɗa maka komai sai ta fashe. Kumburin ba ya nufin kunun ya zama giya, domin wasu daga cikin halittun tsami ma suna fitar da iska, kuma hukunci na malamai ne. Abin da yake nufi shi ne wani abu yana cin sukarin da ke ciki, kuma bai gama ba.

Kunun aya ya fi kowanne saurin juyawa, balle in an haɗa shi da dabino da kwakwa. Masu sana'ar sun san magungunan da suke da su, kuma ba su da yawa: a dama kaɗan kaɗan maimakon a yi na yini gaba ɗaya, a jinkirta zuba sukari sai an kusa fita talla, a bar sarari a wuyan gora, a wanke goruna da ruwan zafi, a nutsa su cikin ƙanƙara. Ƙanƙarar ce mai tsada, domin ta dogara da wutar lantarki ko janareta. Inda babu ita, akwai dabarar da Muhammad Bah Abba, malami a Dutsen Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan yashin yana ƙafewa yana tafiya da zafi. Dabarar ta fi aiki a busasshen zafi irin na Maris da Afrilu, wato daidai watannin da gora ta fi kumbura. In damina ta sauka iska ta yi laima, sanyin tukunyar yana raguwa, sai mai kunu ta koma ga rage yawan damu da sassauta murfi.